Kafin Mu Yi Alkawarin Gada, a Fara Gwada Ta a Kwamfuta

 

Shugaban wannan zama, iyayenmu dattawan tafiya, iyayenmu mata, shugabannin matasa, da 'yan'uwa sojojin baka da ke riƙe mana Facebook da WhatsApp dare da rana, ina gaishe ku baki ɗaya. Waɗanda suka taso daga Masaka da Ado da Mararaba kuma, sannunku da hanya. Na ji ana ta tsokanarku wai kun makara. Ni dai ban ga laifinku ba, domin abin da ya makarar da ku shi ne abin da na miƙe in yi magana a kai.

Kwamitin da ke tsara takardar buƙatun da tsaginmu zai miƙa wa masu neman takara ya rubuta layi ɗaya a kan sufuri: a faɗaɗa hanyar Abuja zuwa Keffi, a ƙara gadojin sama. Da aka karanta, ɗaki ya ɗau tafi. Ni ne na ɗaga hannu na roƙi a dakata da sa hannu har sai an saurare ni. Wasu sun ji haushi, har wani ɗan'uwa ya rubuta a zaurenmu cewa ko an saye ni ne. Ba a saye ni ba, Malam. Hanyar nan nake bi, kamar yadda kake bi.

Na san abin da ake nufi da fita kafin a kira assalatu, a yi sallar asuba a gefen titi ko a makara da ita. Na san magidancin da yaransa ba sa ganinsa a farke sai Asabar da Lahadi. Tafiyar da ranar Lahadi da hantsi ba ta cin rabin awa, ranar Litinin sai ta cinye awa biyu, wani lokaci har fiye. Na taɓa zama a layi tsakanin gadar Karu da Kugbo, motar da ke gefena an ɗauko mace tana naƙuda, mijin ya fito yana roƙon mutane su ba shi hanya, alhali babu inda kowa zai matsa. Har yau ban san yadda suka ƙare ba. Saboda haka duk wanda ya ce a yi wani abu a kan hanyar nan, ina tare da shi. Tambayata ita ce: wane abu? Kuma ta yaya muka san zai yi aiki?

Akwai hanyar sani kafin a zuba buhun siminti ko ɗaya. Masana harkar zirga-zirga suna gina kwaikwayon titi a cikin kwamfuta. Za a zana hanyar yadda take, tsawonta da faɗinta, hawan Kugbo, kowace mashiga da kowace mafita. Sai a zuba mata motocin ƙarya dubbai, kowace da direbanta. A koya wa kowane direba hali: tazarar da yake bari tsakaninsa da na gaba, lokacin da yake taka birki, lokacin da yake sauya layi, irin kafar da yake jira kafin ya kutsa. Tirela da nauyinta, bas da tsayawarta, ƙaramar mota da saurinta. Kwamfuta tana lissafa inda kowace mota take sakan bayan sakan. In an gina abin da kyau, za ka ga gosulo ya kama a allo daidai wurin da yake kamawa a zahiri, kuma daidai lokacin. Daga nan sai a fara tambaya. A ƙara layi, a gani. A cire masu lodi daga bakin titi, a gani. A ware wa bas layinta, a gani. Kowace dabara a auna minti nawa ta rage, layin ya kai kilomita nawa, mutum nawa suka wuce a awa ɗaya. Tela ma sai ya auna yake yanka, balle aikin da za a ciwo bashi a yi.

Bari in yi muku ɗan lissafi na misali, don ku ga irin tunanin da ke ciki. A babban titi mai kyau, layi ɗaya yana iya wuce da ƙananan motoci kamar 2,000 a awa, in komai ya tafi daidai. Layi uku ke nan 6,000. To mu ƙaddara motoci 5,000 ne ke zuwa a awa. Hanya ta ishe su, har da canji. Sai motocin haya suka mayar da layin gefe tasha, wannan ta tashi waccan ta tsaya. Saura layi biyu, wato 4,000. Kowace awa motoci 1,000 ke taruwa a baya. In kowace mota ta ci mita 7 a cikin jerin, aka raba su layi uku, kun sami jerin da ya haura kilomita 2 a awa ɗaya. Awa biyu, ya doshi kilomita 5, kuma wanda ya shigo a ƙarshe zai yi rabin awa kafin ya kai bakin wurin. Kun ga a wannan misali ba ƙarancin kwalta ba ne ya tsayar da mutane. Wurin lodi ne babu. In ka kashe biliyoyi ka ƙara layi na huɗu ba ka taɓa maganar lodi ba, sabon layin zai zama sabuwar tasha.

Wannan lissafin kan takarda ne, kuma yana da iyaka. Titi ya fi haka rikici. A Japan, wani malami mai suna Yuki Sugiyama na Jami'ar Nagoya da abokan aikinsa sun jera motoci 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, suka ce kowa ya yi tafiyar kilomita 30 a awa. An wallafa sakamakon a 2008. Babu shinge, babu rami, babu ɗan sanda, babu hatsari. Ba a jima ba cunkoso ya kama da kansa. Wani ya ɗan taɓa birki, na bayansa ya taka fiye da shi, na bayan wancan ya tsaya cak, tsayuwar ta riƙa komawa baya kamar igiyar ruwa. Shi ya sa wani lokaci za ka sha wahala a gosulo, ka isa gaba ka tarar babu komai, ka ce aljanu ne. Ba aljanu ba ne, yawa ne ya kai wani mizani. Kuma da zarar tafiya ta karye, adadin motocin da ke fita ta bakin wurin yakan ragu ƙasa da na kafin ta karye. Irin wannan mu'amala ta mota dubu da mota dubu ƙwaƙwalwar mutum ba ta iya riƙe ta, komai iliminsa. Kwamfuta tana iyawa.

Yanzu ga labarin da nake so 'yan siyasa su saurara da kyau, domin 'yan siyasa ne suka haddasa shi. A jihar Minesota ta Amurka, a biranen Minneapolis da Saint Paul, an kafa danja a mashigun manyan tituna, tana sakin mota ɗaya ɗaya don kada su afka wa babban titi a dunƙule. Dabarar tsohuwa ce, tun 1963 aka fara ta a Chicago. Direbobi suka tsane ta, domin mutum yana zaune a mashiga yana kallon titi na tafiya, an hana shi shiga. Kuka ya kai majalisar jiha, wani sanata mai suna Dick Day ya ja gaba, majalisa ta ba da umarni a kashe su a gani. A ƙarshen shekarar 2000 aka kashe danja fiye da 400 har mako takwas. Da aka ƙirga, lokacin tafiya a manyan titunan ya ƙaru da kashi 22 cikin ɗari, motocin da titunan ke ɗauka sun ragu da kashi 9, hatsari ya ƙaru da kashi 26. Aka mayar da danjojin. Amma kukan direbobi ma bai tafi a banza ba, domin an gyara tsarin, aka sa iyaka cewa kada jira a mashiga ta gari ya wuce minti huɗu.

Ku lura da abu biyu. Na farko, abin da jama'a suka rantse yana cutar da su, ashe yana taimakonsu, kuma duk da haka suna da gaskiya a wani ɓangare. Na biyu, da jikin mutane aka yi wannan gwaji. Ƙarin hatsarin nan motocin mutane ne na gaske. A shekarun nan masu bincike a Jami'ar Minesota sun kwaikwayi wasu daga cikin titunan a kwamfuta don auna dabarun sarrafa danjar. A allo kana iya kashe danja sau ɗari, ka kunna sau ɗari, babu wanda zai kwana a asibiti. Sai an gwada akan san na ƙwarai, haka ne, amma ba dole ba ne a gwada a kan talaka.

Ga na biyu, shi kuma a kan faɗaɗawa. A birnin Houston na jihar Teksas akwai titin da ake kira Katy. An kammala faɗaɗa shi a 2008 a kan kuɗi kimanin dala biliyan 2.8, har a wani wuri ya kai layi 26 in an haɗa da na gefe. Da farko an samu sauƙi. Amma tsakanin 2011 da 2014 lokacin tafiyar safe ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, na yamma da kusan kashi 55. Me ya faru? Da hanya ta buɗe, wanda yake sammako ya daina, wanda yake bin wata hanya ya dawo, aka gina sababbin unguwanni can nesa, mutane suka tare. Mu ai ba sai an ba mu labari ba. Duk lokacin da hanya ta ɗan yi sauƙi, wanda haya ta kora daga Nyanya sai ya koma Masaka, na Masaka ya matsa gaba wajen Keffi. Wannan darasi ne ga masu kwamfutar ma: in ka ce mata adadin motoci zai tsaya yadda yake yau, za ta ce maka faɗaɗawa ta warware komai. Dole a tambaye ta har da motocin da sabuwar hanyar za ta jawo.

A Seoul ta Koriya ta Kudu kuwa, akasin haka aka yi. Magajin gari Lee Myung-bak ya fara rushe wata babbar gadar sama a tsakiyar birni a 2003, ya gyara tsarin bas a 2004, ya buɗe rafin da ke ƙarƙashin gadar a 2005. Birnin bai tsaya ba. Shi kuma a 2008 aka rantsar da shi shugaban ƙasa. Ban kawo wannan don a rushe wata gada a nan ba. Na kawo ne saboda masu ce mana ba a cin zaɓe sai da hoton gada a fosta.

To me za a gwada a tamu hanyar? Ni a ganina a jera dabaru a kan tebur ɗaya, a ba kowace dama. Wuraren lodi da sauke fasinja a wajen kwalta, a Nyanya da Mararaba da Masaka. Layin bas na musamman, irin wanda Legas ta fara a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, domin bas ɗaya na iya ɗaukar mutanen da ƙananan motoci da yawa ke ɗauka. Aron layi daga ɗaya hannun da safe, lokacin da kowa ya nufi Abuja, a mayar da yamma. Keɓe wa tirela da tifa lokacin wucewa. Motar janwe da ke tsaye a shirye, domin motar da ta lalace a hawan Kugbo ta yi awa ɗaya ta ci layi ɗaya na awa ɗaya. Hanyar Apo zuwa Karshi, da aka shafe fiye da shekara goma ana maganarta: mota nawa za ta ɗauke wa Nyanya? Jirgin ƙasan cikin Abuja da aka buɗe a 2018 bai zo ta wajenmu ba: in ya zo, mutum nawa za su ajiye mota? Har shingen bincike. Dukanmu mun tuna bam ɗin tashar Nyanya na 14 ga Afrilu 2014, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, mun kuma tuna jerin da binciken motoci ya haifar bayan nan. Tsaro wajibi ne, amma inda za a kafa shinge da layi nawa za a bari a buɗe abu ne da ake iya aunawa. Sannan a sa faɗaɗawa da gadar sama a cikin jerin, su ma su kare kansu. In gada ta ci, wallahi ni zan fara ɗaukar fostarta.

Sai dai kada ku fita daga nan ku ce na ce kwamfuta ba ta ƙarya. Tana yi, in an koya mata. Akwai tarko uku da nake so sojojin bakanmu su gane.

Na farko, bidiyon nan mai kyau da ake yaɗawa, gada na sheƙi, itatuwa kore shar, motoci shida na yawo kamar ranar Sallah. Wannan zane ne. Mai zanen ne ya zaɓi motoci nawa zai sa. Mu ma mun yaɗa irinsa, kada mu yi kamar ɗaya tsagin ne kaɗai ke yi. Gwaji na gaskiya yana zuwa da alƙaluma: mota nawa aka ƙirga, a ina, wace rana, ƙarfe nawa.

Na biyu, yawancin manhajojin nan an gina su ne a kan direban da ke tsayawa a layinsa. Namu titin akwai ɗan acaɓa da ke bi ta tsakanin motoci, akwai mai bin wanwe, akwai mai tallan ruwa, akwai mai tsallaka titi a ƙasa alhali ga gada a kansa, akwai mai jiniya. A Mararaba kowane lungu mashiga ne, don haka danjar Minesota ba za ta dasu haka kawai ba. Dole a saita kwaikwayon da halinmu. Yadda ake gane an saita shi kuwa: a ba shi ƙirgen wata rana da bai taɓa gani ba, a ga ko zai faɗi tsawon jeri da lokacin tafiya kusa da abin da ya faru. Wanda bai iya faɗin jiya ba, kada a yarda ya faɗi gobe. Kuma a maimaita gwajin sau da yawa, domin Litinin ɗin wannan mako ba ta zama ɗaya da ta makon jiya.

Na uku, inda aka yanke taswira. Titin na tarayya ne, ya ratsa Abuja ya shiga jihar Nasarawa. In ka tsayar da taswirarka a kan iyaka, za ka nuna Nyanya ta buɗe, alhali ka kwashe cunkoson ne ka juye wa Mararaba. Haka nan in wanda zai samu kwangilar gada shi ne ya yi gwajin, to kura aka ba ajiyar nama.

Wani zai ce wannan aikin Turawa ne, mu ina muka ga kuɗinsa? Akwai manhajoji na kuɗi irin su Vissim da Aimsun. Amma akwai SUMO, wadda cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus ta fara tun 2001, kyauta take, kowa na iya saukewa, tana karɓar taswira daga OpenStreetMap, har tana da tsarin da babura ke raba layi da motoci. Muna da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa a Zariya, muna da sassan injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da ta Fasaha a Minna. Abin da ya fi wahala shi ne ƙirge, kuma ƙirge aikin mutane ne. Matasan da muke tarawa su cika fili ranar gangami, in aka horar da su suka tsaya a gadoji da waya da takarda na 'yan makonni, za su tara abin da babu wanda zai musa.

Yanzu ga inda maganar take da ɗaci, kuma gara in faɗa a gaban iyayenmu. Gwajin nan zai iya fitar da abin da ba ma so. Zai iya cewa gadar da ɗan takararmu ya riga ya ambata a taro ba za ta rage ko minti biyar ba. Za mu ɓoye, ko za mu je mu gaya masa? Zai iya cewa babban magani shi ne a janye lodi da kasuwa daga bakin titi. Su wa ke lodin? Su wa ke kasuwar? Direbobinmu ne, kamashonmu ne, iyayenmu mata masu tumatir ne, su ne suka tsaya a rana suka zaɓe mu. Ba za mu aika musu da motar rusau mu ce kwamfuta ce ta ce ba. Kwamfuta tana ƙirga minti, ba ta san kuɗin makarantar ɗan mai lemo ba. In za a tashe su, a fara gina musu inda fasinja zai same su, a zauna da ƙungiyoyinsu, kuɗin wannan ma a sa shi cikin lissafi tun farko. Hukuncin namu ne, mu za mu ɗauki nauyinsa.

Mun ware kanmu a cikin jam'iyya ne saboda mun ce mun gaji da ɗauki-ɗora, mun gaji da a yanke a ɗaki a fito a ce mu yi tafi. To aikin biliyoyin da ba a gwada ba, ba a nuna wa kowa hujjarsa ba, shi ma ɗauki-ɗora ne, na siminti. In muka yi shiru a kansa don namu ne zai yi, me ya raba mu da waɗanda muka bari?

Saboda haka ina roƙon kwamiti ya goge layin nan ya sa waɗannan a madadinsa. Ɗaya, duk ɗan takarar da ke son goyon bayanmu ya yarda ba zai sa hannu a babban aikin titi ba sai an gwada shi tare da aƙalla dabaru biyu masu arha. Biyu, wanda zai yi gwajin ya zama ba shi da hannu a kwangilar. Uku, a wallafa ƙirgen da sakamakon, da Hausa da Turanci, yadda ɗalibi a Zariya ko Keffi zai iya maimaitawa ya kama kuskure. Huɗu, bayan shekara ɗaya da buɗe aiki a sake ƙirgawa, a kwatanta da abin da aka yi alkawari, a faɗa wa jama'a ko an cika ko ba a cika ba.

Ku kuma 'yan'uwa na soshiyal midiya, daga yau duk wanda ya turo muku hoton gada, namu ne ko nasu, ku tambaye shi cikin ladabi: minti nawa za ta rage wa mutumin Masaka, kuma wa ya auna?

Shugaba, na ci lokaci, a gafarce ni. Masu komawa ta Nyanya su yi haramar tashi kafin la'asar. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya taimaki wannan tafiya tamu a kan gaskiya.